Shafi na Goma Sha Ɗaya

Kwantena uku na loda a Apapa,
zoɓo ja wur daga Maigatari,
wanda mata suka tsince da hannu
har tafinsu ya rine kamar sun ƙunsa lalle.
Mai saye yana Meziko. Ban taɓa riƙe hannunsa ba,
sai dai fuska a waya, da gashin baki,
yana ce mini aboki, yana dafa ƙirji.
Ya ba da kafin alƙalami, uku cikin goma,
saura in kaya sun sauka.

Kaya suka sauka. Wayarsa ta mutu.

Ubana ya yi shekara talatin yana goro a Agege.
In Bagwanje ya riƙe masa kuɗi,
fatoma ke kiransu zaure su biyu,
kafin shayi ya huce an yanke magana,
don wanda ya ƙi, ya rasa masauki har abada.
Ni wa zai kira mini wannan zaure?
Teku ce tsakaninmu, kwana arba'in a jirgi.

Na kai ƙara Ikeja.
Wata goma sha tara ina fita kafin assalatu,
ina gasuwa a cunkoson Oshodi,
in isa a ce an ɗaga.
Kujerarsa ba kowa.
Sammaci ya hau jirgin sama, ya dawo ba a buɗe ba.
Ranar da alƙali ya ce gaskiya tawa ce
na yanka rago a Idi-Araba,
har masu wankin mota suka ci.

Barista Morenike ta bari na gama murna,
sannan ta jawo yarjejeniyar, ta ɗora farce
a shafi na goma sha ɗaya, can ƙasa,
rubutu ƙanana kamar an zubar da riɗi:
in saɓani ya taso, kotun garin mai saye za ta ji.
Ta ce, Alhaji Namadi, na nuna maka tun ranar farko,
ka ce a gwada.
Na tuna. Na ce a gwada.

Ta ce hukuncin nan bai iya ruwa ba,
ƙarfinsa ya ƙare inda jiragen ke juya baya.
Mutuminka ko tabarma ba shi da ita a ƙasar nan
balle a kama.
Sai an juya takardar zuwa harshensu,
a buga hatimi a kan hatimi,
a ɗauki lauya a can, mai cin dala kowace awa,
sannan alƙalinsu ya gyara tabarau ya tambaya:
an sanar da shi yadda ya kamata?
In mu muka aiko namu, za ku karɓa?
Wa ma ya ba kotunku hurumi?

Hurumi.
A garinmu fili ne da garma ba ta shiga,
an bar wa dabbobi da waɗanda suka riga mu.
Ban san ana binne kuɗi a ciki ba.

Barau yana kira daga Maigatari bayan isha'i.
Ba ya tambaya. Gaisuwa kawai,
ya Ikko, ya ruwa, ya iyali,
gaisuwar da ta fi tambaya zafi.
Shi bai san shafi na goma sha ɗaya ba,
ni ya sani.
Na sayar da motar, na sayar da filin Ogijo,
na aika musu rabi.

Hukuncin yana jakata cikin leda,
damshin Ikko ya fara cin gefensa.
Wani lokaci nakan fito da shi in duba sunana.

Jiya wani Baturke ya turo tasa takardar,
shafi goma sha huɗu, yana son kwantena biyu.
Na tsallake gaisuwa, na tsallake farashi,
na lashi yatsa,
na fara daga baya.