Gwiwar Alhaji Barmo

Ranau bakanike ne ya tsegunta mini:
akwai wata ja a Ali Ɗan Sofo, cikin gida,
shekara biyu tana kwance ƙarƙashin tampol,
kaji sun mai da inuwarta ɗakin ƙwai.

Muka je ran Talata, bayan la'asar.
Alhaji Barmo ya yaye tampol da kansa,
a hankali, kamar mai kwance ƙyallen ciwo.
Ja ce, jan akuyar garin nan namu,
ƙofa biyu, kujera biyu,
ciki na neman shafar ƙasa
kamar ƙadangare ya ga shaho.

Ranau ya shige ƙarƙashi, tocila a baki,
ya fito da baƙin mai a yatsa, ya shinshina.
Ya ƙwanƙwasa ƙofar hagu, ya kasa kunne,
ya raɗa mini: nan an taɓa yi mata ɗori.
Lambar tafiyar nan kuma kar ka yarda,
tun daga Kwatano ake rage musu shekaru
kamar 'yan ƙwallo wurin yankan takarda.

Kunne ya ji. Zuciya ta tafi kiwo.
Don kuwa Alhaji ya murɗa makulli,
ta yi tari biyu, ta gyara murya,
tantabarun gidan suka watse sama,
ni kuma na koma ɗan shekara sha ɗaya
da motar kara a bakin Gulbi,
ina yi mata kukan inji da leɓe.

Ya ce miliyan biyar na sefa.
Na taya uku. Ya ce albarka.
Muka sha shayi, na fari, na biyu,
kafin na uku ya huce
an sallama a uku da ɗari bakwai:
ribar aya ta damina shida,
da filin Tibiri da na ce na yara ne.

Da ya gama ƙirga, na ce, Alhaji,
tsakani da Allah, mene ne aibinta?
Bai dubi motar ba. Ya dafa gwiwa.
Ya ce, shiga ba wuya, fitar ce.
Ran ƙarshe sai da yara biyu suka ciro ni
a ƙofar masallaci, gaban jama'a.
Ya miƙo takardu, bai saki makulli ba
sai da na ɗan ja.

A aljihun gaba na tsinci wata roba mai mariƙi.
Ranau ya ce ta kankare ƙanƙara ce,
can inda ta fito a kan gilashi take kwana.
Mu nan ƙulli-ƙulli muke sayenta da azumi.
Tsahara ta karɓe, tana kankare ƙanzo.

Lungunmu na Bagalam yashi ne zalla.
Ta kafe tun daga kwanar mai ƙosai,
yara tara suka tura ta har ƙofa
suna ihun da ko biki ba a yi mini ba.
Inna ta zagaya ta da sanda, sau ɗaya.
Ta ce, to, buhun hatsi ina zai zauna?
Ni fa?

Ban amsa ba. Da asuba na fita
hanyar Ɗan Isa, kafin amalanke su tashi.
Na taka.
Gawo ya bi gawo, gonaki suka narke,
iska ta fizge hulata, ban waiwaya ba.
Minti bakwai, ko takwas,
babu bashi, babu fili, babu shekara arba'in da tara.

Na tsaya a gefe don in ji bugun ƙirjina.
Na buɗe ƙofa, na sa ƙafa waje,
na yunƙura.
Gwiwar dama ta ce ƙas.