Takalmi Ba Ya Ƙarya

Rumfata na bakin fili, bayan tasha,
a Ƙauran Namoda, inda dogo ya zo ya tsaya.
Baduku ne ni, ban taɓa buga ƙwallo ba,
basilla da zare na gada.
Amma miƙo mini takalmin yaro
in gaya maka ko ya fito atisaye jiya.

Ga na Zayyanu.
Bakin hagu ya yage, na dama lafiya lau.
Bara da dama kaɗai yake bugu,
Koci Lawwali ya ce masa,
"Gurgu ne kai, sanda kawai ba ka riƙe ba."
Tun ranar, da an sallame asuba
yana dukan bangon tsohon sito da hagu,
bugu ɗari biyu, ni ke ƙirgawa
ina kurɓar kunu.
Sau huɗu na ɗinke wannan baki.
A na biyar na ce ya riƙe kuɗinsa.

Na Nafi'u, in ka zazzage, dawa ke zubowa.
Da hantsi dako yake a kasuwa, buhu a wuya,
da la'asar ya jingine baro ya sheƙo,
ya zaga fili goma
kafin wasu su gama ɗaurin igiya.
Bai iya yanka ba, bai iya ado ba,
sai dai ɗan gaban da ya gamu da shi
kan kwana yana gasa ƙwauri.

Su ke tsince ƙaya, su ke ja layi da toka,
su ke karo-karo in ƙwallo ta fashe.
Raga kuwa tsohuwar koma ce
da wani ya roƙo a bakin Gagare.

Sai Ashiru.
Shi Allah bai auna masa da mudu ba.
In ya taɓa ƙwallo har mai rake kan bar ciniki.
Takalminsa ja, daga Gusau aka sayo,
wata shida bai san hanyar rumfata ba.
Ran nan na ɗaga na duba ƙasansa,
haƙoran nan sababbi fil.
Na ce, "Yaro, takalmin nan bai ci ƙasa ba."
Ya ce, "Baba, ai gwani ba ya gumi."
Na mayar da kaina kan ɗinki.

Ranar da 'yan Shinkafi suka zo
ya yanke uku, ya jefa ɗaya, fili ya ruɗe.
Da aka dawo hutun rabin lokaci
sai ga gwani dafe da gwiwa,
baki buɗe kamar kifi a tudu.
Koci bai yi faɗa ba, benci ya nuna masa.
Suka farke, suka ƙara.
Ana shirin tashi Zayyanu ya sake ta da hagu,
na miƙe har basilla ta soke ni,
ta daki turke ta dawo.
Biyu da ɗaya. Kowa ya kama hanya shiru.

Washegari ina hura gawayi
na ji bango na amsawa da murya biyu.
Na rasa ƙirga.
Ban leƙa ba, kada yaro ya ji kunya.

Yau sati bakwai ke nan.
Ɗazu aka ajiye jan takalmi a gabana,
dunduniya ta zaizaye, baki ya wage,
yana wari kamar na kowa.
"Nawa ne, Baba?"
"Ɗari uku. Kai ba a yi maka ragi tukuna."

Ko wani cikinsu zai kai Kano,
ko ya tsallaka teku mu gan shi a gidan kallo,
wannan sanin na Allah ne.
Da yawa a nan za su tsufa kamar ni.
Abin da na sani, zarena na saurin ƙarewa bana.
Gobe sai na aika a ƙaro.