Mudu Biyu

Mudu biyu gare ni a rumfata,
a kasuwar Kafanchan, bayan masu manja.
Ɗaya na saye, cikinsa kamar rijiya.
Ɗaya na sayarwa, shi na kai wa maƙeri
ya ɗan taɓa gindinsa da guduma.
Bugu uku kacal. Ya ce, je ka,
ko uwar da ta haifi mudun ba za ta gane ba.

Shekara huɗu ina awo da shi,
wake, acca, gero, wani lokaci riɗi.
In tula tozo, in ƙara gyara,
mai saye ya tafi yana sa mini albarka,
alhali abin da na ƙara a baki
na riga na zare ninkinsa a ƙasa.

Ran Lahadi kuwa ga ni da farar riga,
ni ke zagawa da kwandon baiko a layin hagu.
In an ɗauko waƙar tuba, muryata ke gaba,
ina tuno zunuban maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata Alhamis Mama Zigwai ta zo,
wadda mijinta ya mutu yana jiran fanshon reluwe.
Ta kwance bakin zane, kuɗin duk sun sha gumi.
Ta ce, Bobai, acca mudu biyu,
jikokina sun zo daga Kagoro.
Ina awo tana kallon masu wucewa.
Ta ce, a wurinka kaɗai nake hutar da idona,
ɗan Didam ne kai, na san hannun da ya rene ka.

Na ƙulle leda. Na ba ta canji.
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar tarwaɗa.

Ubana bai bar mana gona mai faɗi ba,
fartanya ce, da tabarau mai ƙafa ɗaya,
da wata magana da yakan yi yana wanke ƙafa:
Allah ba ya zama a coci ya jira Lahadi,
tare kuke fita, tare kuke buɗe rumfa.

Daren nan ruwa ya yi ta dukan kwano.
Matata na barci. Ni ina ƙirga mudu,
na wane, na wance, na marayun gidan Kazah,
lissafi ya wuce yatsu, ya wuce katakon rufi.
Tsoro ya kama ni, ba na tsawar da ake yi ba.
Tsoron wanda ya tsaya kusa da ni shekara huɗu
yana gani, bai kifar da rumfar ba,
yana gani, bai hana ni numfashi ba,
wanda aka buga wa ƙusa a tafin hannu,
ni kuma ga abin da nake yi da nawa.

Da asuba na ɗauko taɓarya.
Na buga mudun har ya zama faifai,
har kajin maƙwabta suka watse.
Ban taɓa ƙin wani abu haka ba,
kuma na san ba ƙarfen nake duka ba.

Na kai wa Mama Zigwai rabin buhu a kan mashin.
Na faɗa mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan ta ce, ajiye can, kusa da randa.
Ba ta ce ta yafe ba sai bayan sati uku,
a bakin rijiya, ba ta ko tsaya ba.

Sauran mutanen fa? Wasu sun ƙaura, wasu sun mutu.
Wannan bashin ina ɗauke da shi gaban Yesu kullum.

Yanzu mudu ɗaya ne, riba ta rame.
Wani lokaci hannuna yakan lallaɓa ƙarƙashin tebur
yana neman tsohon abokinsa,
sai in ɗaga kai in ga faifan ƙarfen nan
da na rataye a ƙusa, daidai goshina.
Masu saye kan tambaya ko magani ne.
Nakan ce, e, nawa ne.