Ina Aiki? Da Godiya

Sunan ɗan Zulaiha ne ya tara mu a Aboabo,
ƙarƙashin rumfar haya mai yoyo ta hagu,
shekara goma sha takwas da barin kwaleji.
Ta haihu bayan kowa ya gaji da tambaya.
Ga ta kan kujerar roba, dariya da hawaye a haɗe,
jaririn na barcinsa
kamar bai san an daɗe ana jiransa ba.

Mu tara muka zo, cikin talatin da ɗaya.

Mumuni, da lissafi ya kayar sau biyu a gabana,
shi ke riƙe da asusun kamfanin katako yanzu.
Ya yi mota, ya yi tumbi, ya yi ciwon suga,
yana kallon faranti kamar tsohuwar budurwa.
Inusa ya saki matarsa da azumi,
ya mayar da ita kafin layya,
ya ce tuwon gidan yayarsa ne ya yi masa wa'azi.

Kwabina ya zo daga Ejisu da ƙwai kiret biyu,
ya bar biro ya kama kaji,
Hausarsa na nan da ɗingishinta na dā.
'Yarsa ta fari ta shiga kwalejinmu bana,
ta ce masa har yanzu fankar ajin ba ta juyawa.

Sharifatu murya kawai ta aiko daga Jamus.
Muka kafa kai kan waya ɗaya:
tana wanke tsofaffin wasu, dare da rana,
takardar shaidarta na ƙasan akwati a Asawase,
ta ce a ci mata wake da shinkafa, a sa yaji sosai.

Da aka buɗe littafin adashenmu
sunan Salifu na layi na huɗu.
Shekara uku ke nan da hanyar Techiman ta karɓe shi.
Ba wanda hannunsa ya iya jan layin.
Muka yi fatiha. Aka ci gaba da kirga sidi.

Sai ni.
Ina aiki? Da godiya.
Ina iyali? Lafiya lau.
Gaisuwa riga ce mai faɗi, tana rufe rama.
Wata bakwai ke nan da aka sa wa ofishinmu kwaɗo.
Kullum nakan goge farar riga, in rataya jaka,
in ce wa Inna sai na dawo,
in hau benen Kejetia in zauna
ina lissafa motocin da ba ni zan shiga ba.
Takan bi ni da addu'a har bakin zaure.
Addu'ar ce ta fi jakar nauyi.

Tahiru bai tambaye ni kome ba.
Shi ne na ɗaya a ajinmu, shekara uku cur,
wanda malamai suka ce banki zai yi masa kaɗan.
Yau kayan gyaran mota yake sayarwa a Suame,
baƙin mai ya yi gida a ƙarƙashin farcensa,
sabulun suna bai fitar da shi ba.

Da magariba ya raka ni bakin titi.
Hadari na haɗowa ta wajen Tafo,
mai tsire na fifita wuta da kwali.
Ya ce, littafin shagona ya rikice,
yarana sun iya ƙarfe, ba su iya alƙalami ba,
ban san ko kana da wanda zai duba mini ba.
Na ce zan tambaya.

Ya daɗe yana kallon kwata.
Sannan ya ce, ranar Laraba ma na bi ta Kejetia.

Mota ta tsaya, yaron yana kiran Asafo, Asafo.
Na sa ƙafa ɗaya, ya riƙe mini jaka,
ya ji yadda ba ta da nauyi, bai ce uffan ba.
Litinin, ƙarfe bakwai, in ji shi.
Kada ka sa farar rigar nan.