Basilla a Tudun Hatsi

Shekara goma sha tara ina ɗinke baki,
ba na mutane ba, na buhu,
a Tudun Hatsi, rumfa ta uku daga bakin titi.
Basilla da zare da yatsan da ya yi kanta,
da su na yi aure, da su na rufa ɗaki,
har ɗan fegi na saya na shuka.

Ran Talata Jibo kan iso daga Damagaram,
tsohuwar daf ɗinsa na tari tun daga Dukku,
kanwa a baya, dabino a leda don yarana.
Buhu ɗari uku na masara zai ɗora,
ni in rufe musu baki ɗaya bayan ɗaya
kafin la'asar ta sauka.

Wata safiya a teburin Hammadu mai shayi
rediyo ta ce maƙwabta sun fice daga ƙungiya.
Na ce, wace ƙungiya?
Ni ta maɗinka na sani, mai adashin ɗari biyar.
Aka yi dariya. Na shanye shayina na tashi,
ban san da ni a ciki ba a wannan harka.

Talata ta zo, Jibo bai zo ba.
Ta sake zagayowa. Sai ga shi a waya, murya a dushe:
takardar da ya saba miƙawa a wuce,
yau juya ta ake kamar wainar da ba ta nuna ba.
Wannan ya ce hatimi, wancan ya ce sabon haraji,
kwana tara mota na faka.

Masara ta kwanta a rumfuna, kuɗinta ya kwanta da ita.
Adda Dije mai tuwo ta ce Allah ya amshi addu'a,
ta ƙara malmala a kwano.
Yero, da ya ci bashin taki tun bazara a Kwami,
ya ƙirga kuɗinsa sau biyu,
ya zauna kan buhun da ba kowa ciki
ya ce bana taki ya cinye kaka.

Teburin shayi ya rabu biyu.
Sa'adu mai baro ya ce sun yi daidai,
ƙasa ba saniyar tatsa ba ce,
gara ɗan kunu a ƙwaryarka da nama a akushin wani.
Tsoho Barde ya ce, yaro, hannu ɗaya
bai taɓa ɗaukar jinka ba.
Yanzu kowa da bencinsa.
Kansila ya leƙo ya ce an kafa kwamiti,
ya sha na madara, bai biya ba,
muka bi ƙurar motarsa da ido, haka.

Harisu, ɗan ƙanwata, da na koya wa riƙon basilla,
ya ajiye ta ya ci bashin babur ya yi arewa.
Buhu biyu, fitila a kashe, ɓarauniyar hanya.
Abin da nake samu a wata, a dare uku yake kamawa.
Uwarsa ta sami sabon zane,
barci ne dai ba ta samu ba duka.

Ban ce su koma ba, ban ce kada su koma ba.
Wanda ya fita daga gida ya san abin da ya kore shi.
Ni dai na san yadda buhu ke farkewa:
zare ɗaya ake ja a sama,
hatsin kuwa a ƙasa yake zuba,
inda kaji da talaka ke taka.

Jiya buhu goma sha ɗaya na ɗinke.
Zaren ɗari ukun Jibo na nan a rataye a ƙusa,
ɓera ya fara taɓa gefe.
Da magariba wani yaron mota ya kawo mini leda,
dabino ne, da saƙo: a gai da yara.
Shi dai ya san yadda ya ƙetaro iyaka.