Shaƙuwa Biyu a Gida Ɗaya

An ɗauke wuta a Wadata,
muka baje tabarmi a tsakar gida.
Nafi'u ya sha nono kamar ana korar sa,
ya haɗiyi iska tare da rabonsa,
sai ga ɗan ƙirji yana zabura.
Hik. Shiru. Hik.
Kwana arba'in a duniya,
bai san sunan abin da ke girgiza shi ba.

Barira ta tsinko zare a bakin zane,
ta jiƙa da miyau, ta manna masa a goshi.
Iya Tamo ta leƙo ta katanga:
"Ku bar yaro, girma yake,
hanji ne ke neman wurin zama."
Ni kuwa na ɗora shi a kafaɗa
yadda ungozoma ta gwada mini,
ina bubbuga bayansa a hankali
har ya yi gyatsa, ya ɓata mini riga,
barci ya kwashe shi.
Zare ne ko gyatsa?
Gardamar nan tana nan da ranta.

Amma daga zaure wata na amsawa,
mai kauri, kamar guga na dukan bangon rijiya.
Baba Arzika ne.
Muka ce yajin tsiren tasha ne,
ko tuwon da ya afka da zafinsa.
Ya sha ruwan randa kurɓi tara bai huta ba,
ya tsotsi sukari,
ya riƙe numfashi har ido ya kaɗa.
Hik.

Na tuna ina ƙarami, in ta kama ni,
sai ya murtuke fuska:
"Kai ka ɗauke dala a aljihuna!"
In razana, in hau rantsuwa,
kafin hawaye ya kai haɓa ta gudu,
shi yana ƙyaƙyatawa.
Sai na gwada sa'ata:
"Baba, awakinka sun faɗa albasar Sha'aibu!"
Ya dube ni sheƙeƙe.
"Ɗan nan, ni na koya maka, hik, wannan ƙarya."

Dare uku ba ta sake shi ba.
Fura ba ta shiga, Fatiha na yankewa a tsakiya.
Na goya shi a babur da sassafe,
kowane rami a titin Tawa da nasa hik,
hannunsa a cikina ba nauyi,
sai a ranar na san Baba ya rame.

Likita ta danna ciki, ta saurari ƙirji.
Ta ce ta jariri baƙuwar zaure ce,
ta gaisa ta wuce.
Ta babba in ta kwana biyu, ƴar aike ce,
a tambaye ta wa ya turo ta.
Ciki ne ya turo tasa:
ya gaji da yaji da goro kafin karin kumallo.
Ta rubuta magani, ta hana shi tsire.
Wannan ya fi ciwon yi masa zafi.

Yau da magariba na shigo,
na tarar da jika a cinyar kaka,
kowa da zarensa a goshi,
aikin Barira, wai don rigakafi.
Babu hik ko ɗaya.
Yaron ya damƙe gemu ya ƙi saki,
tsoho ya ƙi a karɓe shi.
Wannan ma shaƙuwa Bahaushe ke ce mata,
ita kam ban nemi maganinta ba.