Bi Zare

Jiya da la'asar lafiya lau na bar ta.
Ban taɓa ko wasali ba.
Yau na ce ta ginu,
sai allo ya yi ja wur
kamar an yanka zakara a kansa.

Layi ɗari huɗu na kuka,
babu wanda ya nuna inda ke ciwo.

Manhajar kantin maganin Hajiya Kande ce, can Barnawa,
Litinin take so.
Shekari ya leƙo daga teburinsa, baki cike da gyaɗa:
"Ai a tawa kwamfutar tana tashi."
Na ce to, sai mu naɗe ka da ita
mu kai wa Hajiya.

Hadari ya taso ta wajen gada, nefa ta ɗauke.
Saura kashi talatin a batir.

Shekara goma sha tara Baba Tanimu ya yi a masaƙar Kakuri,
har kunnensa na hagu ya mutu.
Abu ɗaya yake maimaita mana:
in inji ya tsaya, kada ka duki inji,
bi zare.

Na bi.
Ƙunshin da na aro, shi ma aro ya yi,
wanda ya ara masa kuma ya jingina da wani,
bashi a kan bashi, har hawa biyar.
Can ƙasa na tarar da shi:
wani bawan Allah da ban iya faɗin sunansa ba,
a garin da ban san ko ana shan koko ba,
cikin darensa ya sake wa ƙofa ɗaya suna.
Biyu da ɗigo tara ta koma uku.
Shi ke nan.
Tawa tana ta sallama a tsohon zaure
babu mai amsawa.

Na buɗe baki zan zage shi
sai na tuna shekara biyu yana goye da ni
ban taɓa ba shi ko goro ba.
Ni ne na rubuta "ba ni sabo, ko wane iri",
kamar mai aiken yaro Panteka ba da samfurin noti ba.

Na kafa wa lambar ƙusa.
Na share tarkace, na sake cewa ta ginu.
Ruwa na dukan kwano, data na rarrafe,
batir kashi shida.

Kore.

Shekari ya ce, "Ka gani? Dama ba komai."

Na san ɗauri na yi, ba saƙa ba.
Wata rana dole in koyi sabon sunan ƙofar.
Na bar wa mai zuwa bayana layi guda:
kada ka zare wannan ƙusa sai ka karanta dalili.

A keke napep, hanyar gida,
mun wuce ta bakin masaƙa.
Ciyawa ta kai tagogi.
Direba ya tambaye ni aikin me nake yi,
na ce ƙulla zare.